Tsakanin 9mm da .45 ACP ga mazaunin Amurka

Malam, ka tambaya wane girman harsashi ya dace da ƙaramar bindigar da za ka riƙa ɓoyewa a jikinka domin kare kai a jihar Texas. A ganina 9mm ya fi dacewa, domin girgizarsa a hannu ba ta kai ta .45 ACP ba, harsashinsa ya fi araha, don haka za ka yawaita atisaye, kuma bindiga irin Glock 19 tana ɗaukar harsashi guda 15. Hukumar FBI ma ta bar harsashin .40 S&W ta koma kan 9mm. Shi kuwa harsashin .380 ACP, bindigarsa ta fi sauƙin ɓoyewa, amma ƙarfinsa bai kai na 9mm ba. Kafin ka tsallaka wata jiha, ka bincika dokarta.