Wayar da ta daina karɓar afdet, a canja ta ko a bari?

Salamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari saƙonki. Kin ce wayar ta shekara biyar, lafiyarta ƙalau, sai dai ta daina karɓar afdet, wato gyare-gyaren da kamfani ke turo wa waya, ko dole ne a canja. Ni dai a fahimtata kuɗinki na banki kike ji wa tsoro, to a nan zan tsaya.

Ki shiga setin, ki gangara About phone, ki taɓa Android version. Za ki ga kwanan watan da ta karɓi gyaran tsaro na ƙarshe. In ya haura shekara ɗaya, galibi kamfanin ya riga ya yaye ta. Ba wai gobe za a kwashe miki kuɗi ba, a'a. Manhajoji irin su Chrome da WhatsApp ta Play Store suke samun nasu gyaran, kuma tun daga Android 10 Google na tura wani ɓangare na tsarin kai tsaye. Amma abin da ke can ƙasa, na Bluetooth da Wi-Fi da sashen da ke kama sabis, sai kamfanin wayar ya turo. In ya daina, duk ɓarakar da aka gano daga baya a buɗe za ta zauna, kuma ana wallafa ta, ɓarayin ma suna karantawa. A 2015 an gano wata ɓaraka mai suna Stagefright, saƙon bidiyo na MMS kaɗai ya isa a kutsa cikin waya. A 2017 an gano wata mai suna BlueBorne, Bluetooth ya kasance a kunne kawai, ba sai kin taɓa komai ba.

To in a kanta manhajar banki take, a kanta lambar OTP ke shigowa, ga imel, ki canja. Ba a guje ba, amma ki sa a ranki cikin 'yan watannin nan. In ko ta kira ce da sauraron karatu, ki riƙe abarki.

Kuma don Allah, masu cewa a sa mata antibairos, shi ma manhaja ce kamar sauran, ba ya iya toshe ɓarakar da ke cikin tsarin wayar. Abin haushin ma, mai ba da wannan shawarar sai ka tarar GB WhatsApp ce a wayarsa, wadda aka tura masa ta Xender, bai san wa ya haɗa ta ba. Ta nemi izinin karanta saƙonni, ya ba ta. Ta nemi Accessibility, ya danna. Wannan izinin fa shi ke ba manhaja damar ganin allonka, har ta danna maka abu da kanta. Ka buɗe ƙofa da hannunka, ko wayar jiya aka ƙera ta me afdet zai yi maka? Sannan a zo ana cewa an yi hakin... to, a bar wannan.

LineageOS kuma, wato wani tsarin Android da ake sa wa waya a madadin na kamfani, e, yana ƙara wa waya kwana, amma sai an buɗe butloda, wato makullin da ke hana canja tsarin wayar, komai zai goge, manhajojin banki da yawa su ƙi tashi. Ba naki ba ne, Hajiya.

In kin tashi saye, shekarun da kamfani zai yi yana turo afdet daga ranar da aka fito da samfurin ake ƙirga su, ba daga ranar da kika saya ba. Pixel 8 da Galaxy S24 shekara 7 aka yi musu alkawari, Galaxy A16 kuma 6. Wayar da aka yi wa alkawarin shekara 4, ta yi 2 a kwali, saura 2 ke nan.

Kafin ki ba da tsohuwar, ki adana hirarrakin WhatsApp a Google Drive, ki tabbata banki ya buɗe a sabuwar, ki cire asusun Google tukuna sannan ki goge ta gaba ɗaya. In ba a cire ba, tana iya kullewa a hannun wanda ya karɓa, ta ce sai kalmar sirrinki. Katin memori da sim ma kada a manta su a ciki.