Wanne Za A Kalla Da Kaka, Tsohon Fim Ko Sabo?

Wata 'yar'uwa da ke aikin jinya a Ingila ta rubuto mini cewa za ta kawo 'ya'yanta biyu hutu wurin mahaifiyarta a Tudun Wada, nan Kaduna. Hausar yaran ta yi rauni, kakar kuma ba ta jin Turanci, shi ne take tambaya ko fim ɗin The Lion King, wanda yaran suke matuƙar so, zai iya zaunar da su wuri ɗaya, kuma wanne ya fi dacewa tsakanin na zane da sabon.

Hajiya, shawarata ita ce ki ɗauki na zane, wanda kamfanin Disney ya fitar a 1994. Sabon na 2019, wanda Jon Favreau ya ba da umarninsa, aiki ne na ban mamaki, domin da kwamfuta aka ƙera dabbobin har mutum ya rantse a daji aka ɗauko su, kuma James Earl Jones ne ya sake yin muryar Mufasa, sarkin zakuna. Sai dai zakin gaske ba ya murmushi, ba ya ɗaure fuska irin ta ɗan Adam, don haka duk motsin zuciyar ya koma cikin magana, maganar kuwa da Turanci ake yin ta. A na zane, lokacin da ɗan zakin nan Simba ya je yana taɓa gawar mahaifinsa Mufasa, kunnuwansa sun kwanta, hawaye na zuba, Inna ba ta buƙatar tafinta kafin ta ce "Allah sarki". Ga shi kuma minti 88 ne kawai, sabon kuwa ya kai 118, wanda ya yi wa tsohuwa yawa bayan sallar isha'i.

Abin da na fi so ki lura da shi shi ne damar koyon harshe. Ki bar yaran su riƙa ba kakarsu labarin da 'yar Hausar da suke da ita, ita kuma ta gaya musu sunayen dabbobin: zaki, kura, gadu, da cilakowa, wato Zazu. In sun ce Scar, ƙanin Mufasa, kawun Simba ne, za ta gyara musu cewa ƙanin uba baffa ne, kawu kuwa ɗan'uwan uwa ne, bambancin da Turanci ya dunƙule a kalma ɗaya, alhali suna buƙatarsa ranar da za ki kai su gaida dangin mahaifinsu. Kura kuma tsohuwar sananniya ce a tatsuniyoyinmu, ina kyautata zaton daga nan Inna za ta zarce zuwa Gizo da Ƙoƙi.

Ki sauke fim ɗin a kwamfutarki tun kina can, saboda ɗaukewar wuta da tsadar data. Idan ƙaramin yana da saurin firgita, ki riƙe shi a jikinki lokacin mutuwar Mufasa. Sabon kuma ku ajiye shi sai kun koma.