Tambaya da Amsa: Ya zan gane itacen oak in kyafe naman layya da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni a Houston nake zaune, jihar Teksas ta Amurka, duk Babbar Sallah mukan yi layya a wata mayanka ta bayan gari mu kwaso naman, to bana ina so in kyafe wani sashe kamar bandar gida maimakon a soye shi duka. Duk wanda na tambaya sai ya ce oak zan nema. Maƙwabcina ya sare bishiyoyin bayan gidansa wata 2 da suka wuce ya ce in kwashe kyauta, wai akwai oak a ciki, amma an tara su tsibi guda babu ko ganye. Ya zan yi in tsince shi? Kuma zai yi amfani yanzu? Daga mai karatu a Houston.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya karɓi ibada. Waɗanda suka ce maka oak ba su ɓatar da kai ba, hayaƙinsa ba ya danne ɗanɗanon nama kuma garwashinsa na daɗewa, shi ya sa masu gashin naman shanu na garuruwan tsakiyar Teksas irin su Lockhart da Austin suka riƙe wanda suke kira post oak.

Kar ka fara da ɓawo, ɓawo na yaudara sosai, bishiya ɗaya ma na gindinta daban na reshenta daban. Bakin gungumen za ka duba, inda zarto ya yanka. In ya yi duhu ko datti ka ɗan yanke shi kaɗan ka shafa ruwa. A oak za ka ga wasu siraran layuka masu haske sun taso daga cibiyar itacen sun nufi ɓawo ta kowane gefe kamar sifokin keke, kuma da ido kawai za ka gan su ba sai da tabarau ba. Galibin itatuwa nasu layukan ba sa fitowa haka. Sannan ka kalli zoben shekarun, a farkon kowane zobe akwai jerin 'yan ramuka ƙanana. Layuka da ramuka in suka haɗu a gungume ɗaya to wallahi da wuya ya zama ba oak ba ne. Sai dai a Houston akwai wanda ya cika tituna, live oak, shi ramukan nasa ba sa jeruwa a zobe sosai amma layukan na nan, ga nauyin tsiya, ga shi in ka sa gatari sai ya nemi ya gagare ka faskarawa. Shi ma yana kyafe nama lafiya lau.

Ka faskara guda ka shinshina. Oak akwai ja akwai fari: ɗanyen jan oak tsami-tsami yake yi, wasu ma har su ce wari ne, farin oak kuwa ƙamshinsa ya fi laushi. Wata alamar da nake so ita ce inda ƙusa ko bakin gatari ya daɗe a jikin jiƙaƙƙen oak sai wurin ya yi baƙi-baƙi mai shuɗi, saboda sinadarin tanin da ke cikinsa ba ya jituwa da ƙarfe. Kuma ka leƙa bayan gidan maƙwabcin naka ka duba ƙasa kusa da kututturen, in ka tsinci 'ya'yan nan masu ɗan hula a ka to oak ya tsaya a wurin, babu wata bishiyar unguwa da za ta zubar da su.

Zancen ja ko fari kar ya dame ka, duka biyun suna yi. Amma in kana son sani, tsaga ɗan guntu mai tsawon yatsa ka tsoma ƙarshensa a ruwa ka hura ɗayan bakin, jan oak zai fitar da kumfa don ramukansa a buɗe suke, na farin a toshe suke, abin da ya sa Turawa ke yin ganga da jirgin ruwa da shi ke nan.

To yanzu ga inda na fi damuwa. Itacen da aka sare wata 2 ɗanye ne shar, kuma oak na cikin masu jinkirin bushewa, bayan an faskara yakan ci shekara 1 zuwa 2, balle a gari mai laima irin naku. In ka sa shi haka farin hayaƙi mai kauri zai turnuƙe, naman ya yi baƙi ya yi ɗaci, ka ɓata ragon da ka sa kuɗi da niyya a kansa. Ana so danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, akwai 'yar na'urar awon danshi mai ƙusa biyu da ake sayarwa a shagunan kayan gini ba tsada, ka faskara ka soka a sabon gefen. In babu, buga biyu da juna, busasshe ƙara yake yi kau, ɗanye kuwa dum, kuma bakin busasshen yakan tsattsage. Shawarata ka faskara wannan yau, ka jera shi sama da ƙasa inda iska ke bi, ka rufe samansa kawai, na Sallar baɗi ne. Na bana ka sayi busasshe. Kar kuma ka loda ɗanyen ka kai wa wani a wani gari, Teksas na fama da wata cutar funfuna da ke kashe oak kuma ɗanyen jan oak na yaɗa ta.

Cikin tsibin nan ka ware duk mai ƙaro da ƙamshin turare irin su pine da cedar, hayaƙinsu ba na abinci ba ne. Ka tambayi maƙwabcin ko akwai oleander ko Chinese tallow a ciki, suna da yawa a yankinku kuma suna da guba, haka duk gungumen da wata igiya mai gashi-gashi ta nannaɗe, tana iya zama poison ivy, hayaƙinta na ƙona huhu. Katako mai fenti ko mai maganin gara ko kusa kar ya je wutarka. In ka ci karo da pecan riƙe shi da kyau, mesquite ma haka, shi ɗan'uwan kiryarmu ne ta gida, amma kaɗan ake sawa don hayaƙinsa na da ƙarfi.

In ka zo aikin bari wutar ta ci ta zama garwashi tukun, hayaƙin ya koma siriri mai ɗan shuɗi, zafi wajen digiri 107 zuwa 121 a ma'aunin Salshiyos, wato 225 zuwa 250 a ma'aunin Fahrenheit irin naku na can. Amma fa wannan kyafewar dafa naman take yi, ba ta busar da shi ƙarau kamar bandar da ake kwanaki ana yi a gida, don haka yana hucewa ka kai shi firji ko firiza.