Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan makin jami'a da biɗar aiki

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya. Ka ce kana shekara ta uku ta lisans a Jami'ar Djibo Hamani nan Tawa, kana karanta lissafin kuɗi da tafiyar da kamfani, makinka yana yawo tsakanin 11 da 12 bisa 20, kuma abin ya hana ka barci: shin mai irin wannan maki yana da rabo wajen biɗar aiki, ko sai wanda ya fito da 14 ko 16? Na ga wasu sun ce maka takarda aikin banza ce, hanya kawai ake bi. Raina bai so wannan amsa ba, shi ya sa na zauna in rubuta maka abin da idona ya gani.

Ni ma a kujerarka na zauna. A Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai na yi karatun tattalin arziki, na fito da 11 da ɗoriya. Ka san yadda ake rubutawa a takardar: daga 10 Passable, daga 12 Assez bien, daga 14 Bien, daga 16 Très bien. Takardata pasabul ce. Yau shekara da shekaru ina riƙe da sashen kuɗi na wani kamfani a Tawa, kuma idan za a ɗauki sabon akanta ni ake tara wa dosiye a gabana.

Bari in fara da inda makin ya cije ni, don kada ka ce lallashinka nake. Da muka gama, an buɗe gurbin karatun mastar a ƙasar waje. Mu biyu muka kai takardu daga ɗakinmu na kwana, ni da abokina da muke cin tuwo kwano guda. Ba jarrabawa, ba ganawa, takardar maki kawai aka jera aka duba daga sama zuwa ƙasa. Shi yana da 14, ya tafi. Ni ko kirana ba a yi ba. Na raka shi har tasha, na dawo a kabu-kabu ina tuna darussa biyu na shekara ta biyu da na yi wa riƙon sakainar kashi don zaman fada da shan shayi ya fi mini daɗi a lokacin. Har yau abin yana yi mini ciwo. Saboda haka duk inda za a zaɓi mutum bisa takarda kaɗai, ba a gan shi ba, maki shi ne sarki: gurbin karatu a Maroko ko Aljeriya ko Faransa, shiga mastar mai ƙarancin kujeru, hanyar dokta da koyarwa a jami'a. Idan can zuciyarka take, to wallahi kowane rabin maki ka yi kokawa a kansa, kada wani ya ruɗe ka.

Aikin gwamnati kuwa wata hanya ce dabam. Sanarwar konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, da na sha gani diploma take nema, da takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da ta kotu mai nuna ba ka da laifi, da iyakar shekaru. Da ka shiga ɗakin jarrabawa, mai 10 da mai 16 benci guda za su zauna, abin da kowa ya rubuta ran nan shi za a duba. Sai dai sau da yawa wanda ya saba karatu da gaske shi ke wucewa, don kansa ya saba da zama awa uku yana tsara amsa.

To, a kamfani fa? A nan zan daɗe, don nan na fi sani.

Bara mun nemi mataimakin akanta mutum guda. Dosiye suka zo har sai da na sa maigadi ya samo kwali. Gaskiya ita ce ba mai lokacin karanta kowace takarda daki-daki. Abin da na fara dubawa shi ne fannin karatu, sai ko mutum ya taɓa yin istaj, wato zaman koyon aiki, a wani wuri, sai wasiƙar neman aikin, ko da hannunsa da kansa ya rubuta ta ko kwafo ta ya yi. Maki ya zo na huɗu. Ya yi amfani, ba na musu: inda biyu suka yi kunnen doki, ba wanda ya taɓa aiki a cikinsu, mai maki mafi yawa na ɗora sama. Iyakar abin da ya yi musu ke nan, ya kawo su bakin ƙofa.

Mun kira shida. Kowa na ba shi kwamfuta, da rasit goma sha biyu na wata guda, da takardar banki. Na ce ya fitar da harajin TVA, wanda ake ɗorawa kan kuɗin kaya, na kashi 19 cikin 100, ya shigar da komai a Excel bisa tsarin asusu na SYSCOHADA, wanda aka sabunta tun 1 ga Janairun 2018, sannan ya gaya mini me ya sa kuɗin littafi da na banki ba su daidaita ba. Da gangan na saka rasit guda sau biyu.

Akwai wani yaro mai 15, natsattse, mai ladabi. Da na tambaye shi ma'anar daidaita asusun banki, ya kawo ta tiryan-tiryan kamar yadda malami ya faɗa a aji. Amma da ya zauna gaban kwamfuta sai na ga hannunsa yana rawa, yana tara lambobi a wayarsa yana kwafa su cikin akwatunan Excel ɗaya bayan ɗaya. Awa ta cika bai kai rabi ba. Na ji tausayinsa ƙwarai, don ba rago ba ne. Aji ya cika da ɗalibai, an koya masa a allo, ba wanda ya taɓa miƙa masa rasit na gaske. Na kira shi gefe na gaya masa abin da zai koya cikin wata uku ya dawo.

Sai wata yarinya mai 11 da rabi. Ba ta kai minti arba'in ba ta ɗago kai ta ce, "Baba, wannan rasit na siminti an saka shi sau biyu, lambarsa ɗaya ce." Na tambaye ta ina ta koyi aiki. Ta ce kawunta yana fataucin albasa daga Galmi, tun tana shekara ta farko ita ke riƙe masa littafi duk hutu: buhu nawa aka loda, nawa direba ya karɓa, wa ya ci bashi, wa ya biya. Ita muka ɗauka.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin cewa masu maki ba su iya aiki ba. Mafi ƙwarewar wanda na taɓa aiki da shi da 16 ya fito, kuma cikin mako biyu ya gane abin da ni ya ɗauke ni shekara. Maki mai kyau da aka samu da gumi shaida ce ta cewa mutum yana iya zaunar da kansa ya koyi abu mai wuya, kuma mai ɗaukar aiki yana son wannan. Abin da nake gudu shi ne makin hadda, wanda aka zuba a takarda ran jarrabawa aka manta kafin a kai gida.

Maganar hanya kuma, ba zan ce babu ita ba. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake kira PAC, dangi da abokai da sanayya, kuma na ga inda ta tura wanda bai cancanta ba gaba da wanda ya cancanta. Ni kaina an taɓa yi mini haka a wata ma'aikata bayan na ci gwajin. Amma akwai sanayyar da ɗan talaka ke iya gina wa kansa, kuma ita ta fitar da ni. Lokacin da na yi bautar ƙasa ta shekara 2, an ajiye ni a wani ofis inda ba a ba ni ko kujera tawa ba. Wasu abokaina sa hannu kawai suke zuwa yi. Ni na manne wa wani dattijo mai kula da albashi, ina ɗauko masa fayil, ina kallon yadda yake cire kuɗin CNSS, asusun fanshon ma'aikata, da harajin albashi, har ya fara bar mini aikin idan ya tafi sallar azahar. Bayan na gama da wata bakwai, ina zaune ba aiki, shi ya kira ni ya ce wani ɗan kasuwa yana neman yaro mai amana. Bai taɓa tambayata makina ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

Yanzu kai. Saura maka zango ɗaya ko biyu, kuma tsakanin 11 da ɗoriya da 12 ba nisa. Ka yi ƙoƙari ka haye, don Assez bien tana iya buɗe maka mastar nan gida, kuma ba ka san abin da za ka so ba bayan shekara biyar. Ka rage fada, ka nemi tsofaffin tambayoyi, ka je wurin malamai. Amma kada ka bari hutun nan ya wuce kana gida. Ka nemi istaj ko ba ko dala, a ofishin akanta, ko asusun ajiya da bashi, ko ƙungiyar manoma, ko shagon babban ɗan kasuwa a kasuwar Tawa, ka kuma karɓi takardar shaida mai hatimi in ka gama. Ka koyi Excel har ka daina taɓa waya don lissafi. Ka gyara Faransancinka na rubutu, don wasiƙa mai kuskure biyar a layi uku tana kashe dosiye tun kafin a kai ga maki. In ka sami hali ka ƙara da Ingilishi, ƙungiyoyin agaji suna tambaya. Da diploma ta fito ka je ANPE, hukumar kula da masu neman aiki, ka yi rajista ka karɓi katinka.

In ka shirya wasiƙarka da takardar tarihin karatunka, turo mini ta akwatin sirri in duba maka kafin ka kai ko'ina. Ranar Asabar da hantsi nake da sarari. Ka gaida mutanen gida.