Tambayoyinku: Bas, Mota ko Babur? Lissafin Mai da Hayaƙi daga Damagaram

Tambaya, daga wani ma'aikaci a unguwar Birni: Ina zuwa Yamai sau uku ko huɗu a shekara. Na fi jin daɗin motata, don ina tsayawa inda na ga dama, in yi salla a natse. Ɗana da ke jami'a ya ce shiga bas ya fi sauƙi ga muhalli. Bambancin ya kai a damu da shi?

Amsa: Malam, yaron nan gaskiya ya gaya maka, kuma lissafin ba shi da wuya. Daga Damagaram zuwa Yamai, ta Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso, wajen kilomita 900 ne. Duk litar fetur da inji ya ƙone tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ke ƙara ɗumamar yanayi. Litar gazuwal kuwa tana sakin kusan kilo 2.7.

Mu ƙaddara motarka tana shan lita 8 a kilomita 100. Zuwa kaɗai lita 72 ke nan, wato kilo 165 na wannan iska. Babban bas yakan sha kamar lita 33 a kilomita 100, ya tashi lita 300 a tafiyar. A raba wa fasinja 60, kowa lita 5 ta hau kansa, kilo 13 da ɗoriya. Kai kaɗai a motarka ka ninka fasinjan bas fiye da sau 12. Ku huɗu ne, kowa ya tashi da lita 18, tazarar ta ragu ƙwarai. Babbar mota kat-kat mai shan lita 14 kuwa, ga mutum ɗaya da ƴar jakarsa, wannan ɓarna ce tsagwaronta. Jirgin sama a gajeren zango irin wannan, kason fasinja ɗaya ya yi kusa da na mai tuƙa ƙaramar mota shi kaɗai, saboda tashi da hawa sama suna cin mai sosai. Jirgin ƙasa bai iso mu ba tukuna. Layin Kano zuwa Maraɗi ma a 2021 aka aza harsashinsa.

Shawararmu ita ce, in kai kaɗai ne, shiga bas. In kana tare da tsoho, ko mai ciwon suga da ke yawan buƙatar kewayawa, ko mai jego, ɗauki motarka ba tare da wani nauyi a zuciya ba, amma ka cika kujerun. Ba a rasa maƙwabci ko ɗalibi mai neman zuwa Maraɗi.

Gajiyar bas gaskiya ce, don yakan tashi da asuba ya kai dare. Ana iya rage ta. Yanki tikiti tun jajibiri, ka nemi kujera a tsakiya, tsakanin tayoyin gaba da na baya, domin na can ƙarshe su ke shan jijjiga. Da hunturu rana tana karkata kudu, don haka mai nufar Yamai ya zauna ɓangaren dama, in zai dawo ya koma hagu. Ka riƙe gorar ruwanka. Ledar ruwan da ake cillowa ta taga ita ce akuya da saniya ke haɗiyewa a bakin hanya, ta cunkushe a tumbi, dabba ta yi ta ramewa mai ita bai san dalili ba. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana irin waɗannan ledoji, amma duk wanda ya dubi ƙayoyin bakin titi ya san da sauran aiki.

Ranar da ka ɗauki mota, tsaya a gudun kilomita 90. Mai 120 yakan ƙone kusan kashi ɗaya cikin huɗu fiye da kai. Kada ka tula buhuna a saman mota in akwai wuri a but, don iska ce za ta riƙa ja da ku. Auna iskar taya da safe kafin ta ɗau zafi, ka bi adadin da ke manne a bakin ƙofar direba. In taya ta yi zafi a hanya awo zai hau, kada ka bari a rage mata iska. Taya mai ƙarancin iska ita ce ke ƙara zafi har ta fashe.

Tambaya, daga wani ɗan kabu-kabu a Sabon Gari: Babur ɗina yana hayaƙi, yana shan mai, har wasu fasinjoji suna ƙin hawa. Kanikawa biyu sun duba, kowa da abin da ya faɗa.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da duba launin hayaƙin. In baƙi ne, fetur ya yi wa iska yawa a cikin inji, kuma a garin nan mai laifin farko filtar iska ce da ƙura ta toshe. Buɗe akwatinta. In ta soso ce, wanke ta da ruwan sabulu, ka shanya har ta bushe ƙarau, ka ɗiga mata man inji kaɗan ka matse, sannan ka mayar. In ta takarda ce, ruwa ba ya taɓa ta, kakkaɓe ta a hankali ko ka sake sabuwa. Da hunturu duk mako ake wannan aiki. Wasu sukan cire filtar gaba ɗaya wai babur ya sha iska. Kada ka yi: yashi zai shiga ya cinye ringi da bangon silinda, gyaran da ya fi kuɗin filta nesa ba kusa ba. Daga nan kwance buji ka duba bakinsa. Launin shayi da madara lafiya ne. Baƙin toka busasshe yana nufin a daidaita kafireto, a kuma tabbata ba a bar cok a ja ba.

In hayaƙin shuɗi-shuɗi ne mai ƙauri, man inji ne ke ƙonewa, galibi ringi sun ci. Nan ba dabara, sai an buɗe inji.

Lafiyayyen babur mai ƙarfin 110 zuwa 125 yakan sha lita 2 zuwa 2.5 a kilomita 100. Cika tanki, rubuta lambar mita, yi aikinka, ka sake cikawa ka ga abin da ya sha. Canza man inji duk kilomita 1,000 zuwa 1,500, sarƙa kuma ta riƙa motsi kamar santimita 2 zuwa 3 in ka danna ta da yatsa. In fetur na kwalba ka saya, tace shi da tsumma mai tsabta. Muna roƙonka da babbar murya, baƙin man da aka juye kada a zubar da shi a ƙasa ko a kwata. Ruwan sama zai kwashe shi zuwa tafki. Garin da ke zaune kan dutse, wanda sai an jawo masa ruwa daga Gogo-Machaya da Aroungouza, bai kamata ya lalata ɗan wanda yake da shi ba. Tara shi a jarka mai murfi.

Tambaya, daga wata uwargida a Garin Malam: Zuwa Kasuwar Dole, kabu-kabu ko adaidaita?

Amsa: Hajiya, adaidaitar da ta ɗauki mutum uku ta raba mai uku, ga inuwa, ga wurin kaya. In shata kika ɗauka ke kaɗai, babur ya fi ta sauƙin mai. Abin da bai wuce kilomita 2 ba, in lafiya ta yarda, ƙafa ta fi, da sassafe ko bayan la'asar. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kada ki taka da tsakar rana.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Mirriya: Babur mai caji zai yi mini zirga-zirgar Damagaram?

Amsa: Alhaji, zai yi, tunda zuwa da dawowa bai kai kilomita 40 ba. Ba hayaƙi, ba buji, ba juyen mai. Sai dai ka tambayi irin batirin kafin ka biya. Na darma ya fi araha amma nauyi gare shi, kuma yana saurin mutuwa in ana barinsa ya ƙare ƙaf. Na litiyam ya fi daɗewa, zafi ne abokin gabarsa. Kada ka jona shi da zarar ka sauka. Bar shi ya huce kamar rabin awa, ka yi caji a inuwa da cajarsa ta asali, nesa da ɗakin kwana. Nisan da mai sayarwa ya faɗa maka, rage kashi ɗaya cikin uku saboda kaya da yashi, kuma ka tabbata akwai inda za ka sami wani batirin a cikin gari ranar da wannan ya gaji.