Bangon kotunmu ya tsage, an ce za a shafe a yi fenti: ya isa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni magatakarda ne a wata kotun shari'a da ke hedikwatar ƙaramar hukuma. Ginin tsoho ne. Bana bangon da ke bayan kujerar alƙali ya tsage daga kusurwar taga ya yi sama a karkace, ƙofar ɗakin fayil ta daina rufuwa, kuma kwanan baya wani ɓallin siminti ya faɗo daga dakin ɗin baranda, wato rufinta na kankare, har ana ganin rodi. Ɗan kwangila ya zo ya ce zai toshe tsagar ya yi fenti. Ranar zama kuwa jama'a cike suke da barandar nan. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kana da gaskiya da hankalinka ya tashi. Tun kafin a je batun kwangila, gobe da safe a janye bencina daga ƙarƙashin barandar nan, a ɗaura igiya, kada kowa ya sake zama wurin. Kankare ba ya ɓallewa haka kawai. Ruwa ne ya daɗe yana ratsa dakin ɗin har ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta ture simintin da ya lulluɓe shi. Wanda ya faɗo shi ne na farko, akwai na bayansa.

Sai maganar ɗan kwangila, wadda ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya kullum. An ɗauka a gine-ginen gwamnati cewa gyara shi ne shafe da fenti. A zo da buhun siminti biyar da bokitan fenti, a toshe, a goge, a kafa allo, a ɗauki hoto. Malam, tsaga alama ce, ciwon yana wani wuri. Wanda ya rufe ta bai gano sanadinta ba, kamar wanda ya ɗaure gyambo ne bai wanke ba. Har ma ya fi barinta a buɗe haɗari, domin a buɗe kana ganin tana ƙaruwa ka yi ihu, a rufe kuwa kowa ya saki jiki.

Dubi abin da ka faɗa da bakinka. Tsaga a karkace daga kusurwar taga, ga ƙofa ta daina shiga gidanta. Waɗannan biyun idan suka haɗu, abin da ake fara zargi shi ne wani ɓangaren harsashi ya zauna ya bar ɗan'uwansa. Sanadin sau da yawa ba ya wuce ruwa: rufi ba indararo, ruwan damina na zuba gindin bango shekara da shekaru, ko famfo ya fashe a ƙasa, ko ramin masai ya yi kusa. A wuraren baƙar ƙasa mai laka, irin ta sassan Borno da Adamawa da Gombe, ƙasar kan kumbura da damina ta tsuke da rani, ginin yana hawa yana sauka tare da ita. Darbejiyar da masu ƙara ke shan inuwarta ma, idan ta matsi bango, saiwarta na tsotse damshin ƙasar. A cikin waɗannan wanne fenti ke magani? Ka tambayi ɗan kwangilar abin da ya jawo tsagar. Idan ya ce maka "ai tsufa ne", to bai duba ba.

Kuma ina roƙonka ka sa ido kan abubuwa biyu da ake cusawa cikin irin wannan aiki. Na ɗaya, fasa bango don a faɗaɗa zauren kotu, alhali a tsofaffin gine-gine bangon ne ke ɗauke da rufi. Na biyu, ɗora tankin ruwa a kan dakin. Lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce cur. A ɗora tankin lita 5,000 a kan kankaren da rodinsa ya ci tsatsa, wannan ganganci ne da rayukan mutane. Ba mu manta da makarantar da ta rufta a Jos a watan Yulin 2024 ba, inda aka rasa rai 22.

Ga abin da za ka iya yi da hannunka. Ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar sama da ƙasa, ka rubuta kwanan wata, ka auna faɗinta, ka ɗauki hoto da rula a jiki. Duk mako biyu ka maimaita. Siririya kamar gashi ba abin tsoro ba ce. Wadda ta wuce milimita 5, ko take tsallake layinka, ta injiniya ce. Idan yatsa na shiga, a ɗauke zama daga ɗakin. Fayiloli da kayan shaida kuma a ɗaga su daga ƙasa, a raba su da bangon da ke tsatso. In silin ɗinku na asbestos ne, kada a bari a farfasa shi a bushe, ƙurarsa na lalata huhu.

Daga nan ka rubuta wa Babban Magatakarda ta hannun alƙalinka, ka haɗa hotunan, ka nemi injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya duba ya ba da rahoto a rubuce kafin a taɓa komai. Ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Na san za a ce ba kuɗi. Batun 'yancin kuɗin kotunan jihohi ne ya sa JUSUN, ƙungiyar ma'aikatan kotuna, ta rufe kotuna fiye da wata biyu a 2021. Amma kuɗin duba gini bai kai na fentin da za a sake shekara mai zuwa ba. A jihar Texas ta Amurka, mai gundumomi 254, an kafa shirin gyaran tsofaffin kotuna a 1999, kuma gunduma ba ta samun tallafin gyara sai ta fara gabatar da cikakken tsarin aiki an amince da shi.

Jerin aikin shi ne rufi da indararo da magudana, sai harsashi, sai kankare da wayoyin wuta, sai gangaren shiga na masu keken guragu da dokar naƙasassu ta 2018 ta wajabta. Fenti shi ne na ƙarshe. Idan aka kawo maka takardar kammala aiki alhali ba a bi wannan ba, kada ka sa hannu.