Amsa ga ƙanwata mai shirin tafiya Turkiyya: batun zuƙe kitse

Ƙanwata, assalamu alaikum. Ya Inna da mutanen gida, ya zafin Birnin Kebbi? Na ga saƙonki cewa kin samu gurbin digiri na biyu a Istanbul, Allah ya sanya albarka. Na kuma ga tambayar da kika ɓoye a ƙarshe: ko in kin sauka za ki iya yin tiyatar zuƙe kitsen ciki, wadda ake kira liposakshan, tunda kin ga tallarta a Instagram da rahusa, har da otal da mota a cikin kuɗin. Kin ce kada Inna ta ji. Ba ta ji ba. Amma ni aikin nas nake yi a nan Ingila, don haka sai ki yi haƙuri da tsawon amsar.

Ga yadda ake yin ta. Likita yana huda fata ƙananan huji, ya ɗura ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa wanda aka gauraya da lidokain mai kashe zafi da adirenalin mai tsuke jijiyoyin jini. Wurin zai kumbura ya yi tauri, sannan a zura siririn bututun ƙarfe a ƙarƙashin fata, ana kai shi ana komowa yana farfasa kitsen, na'ura tana zuƙewa. Wani likitan Faransa, Yves-Gérard Illouz, shi ya yaɗa aikin daga ƙarshen shekarun 1970, shi kuwa ɗura ruwan nan likitan fata na Amurka Jeffrey Klein ne ya fito da shi a 1987, kuma ya rage zubar jini sosai. Aiki ne na gaske, a hannun gwani yana kyau.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, gyaran siffa ake yi da ita, ba a rage ƙiba da ita. Wanda ta fi yi wa amfani shi ne mai nauyi daidai-wa-daida, mai fata da ƙwari, wanda kitse ya taru masa a wuri guda ya ƙi tafiya, kamar kwiɓi ko cinya ko damtse. Bututun iyakarsa ƙarƙashin fata. Kitsen da ya naɗe hanji da hanta, wanda shi ne abokin tafiyar ciwon suga da ciwon zuciya, ba ya kai gare shi. A 2004 an yi bincike a Amurka kan matan da aka zuƙe wa kitse mai yawa, aka tarar sukarin jininsu da hawan jininsu ba su gyaru ba. Kuma in mutum ya koma cin da ya saba, ragowar ƙwayoyin kitsen jiki su za su cika, wani lokaci a inda bai zata ba.

Ke kuma kin ce tumbin tun bayan haihuwa ne. Wannan ya sa na fi shakka. Sau da yawa tumbin mai jego naman ciki ne ya buɗe a tsakiya, fata kuma ta saki. In haka ne, zuƙe kitse zai bar miki fata a yamutse kamar buhun da aka zazzage. Likita ne zai taɓa ya gane, hoton WhatsApp ba ya nuna wannan.

Babbar damuwata ita ce bayan aikin. Za ki yi makonni cikin rigar matsi dare da rana, hujin yana tsiyayar ruwa a kwanakin farko, jiki ya yi jina-jina, kumburi kuwa yakan kai wata shida kafin a ga ainihin siffar. Akwai haɗarin ƙwayoyin cuta, da gudan jini ko ɗigon kitse ya bi jijiya ya toshe huhu, da lidokain ya yi yawa ya taɓa zuciya, da bututu ya huda hanji. In abin da aka zuƙe ya wuce lita 5, likitoci suna ɗaukarsa babban aiki mai buƙatar kwana a asibiti. Fatarmu ta baƙaƙe kuma tana saurin yin tabo mai tudu ko mai duhu. To ki duba halinki: sabuwar zuwa, ba ki jin Turkanci, kina ɗakin ɗalibai. In numfashi ya sarƙe miki ƙarfe biyu na dare, wa zai kai ki asibiti, wa zai yi wa likita bayani? Inshorar ɗalibai ba ta biyan tiyatar kwalliya. A nan ma hukumar lafiya ta gwamnati, wato NHS, ba ta yin ta kyauta sai don ciwo, irin kumburin ƙafafu na lifodima.

Turkiyya tana da ƙwararrun likitoci, ba na musun haka. Amma wanda ke amsa miki a Instagram galibi dillali ne, kamasho yake ci. Kuma za su ce tunda an cire kitsen a mayar miki da shi a mazaunai, wato BBL. Ki ce a'a. A duk tiyatar kwalliya tana cikin waɗanda suka fi kisa, domin kitsen yana iya shiga manyan jijiyoyin wurin.

Shawarata, ki bar zancen har ki shekara a can. Kuɗin makaranta da na haya kada ki taɓa su. Kafin ki tashi ki je asibitin Sir Yahaya a duba miki suga da hawan jini da yawan jini, ki riƙe takardar jinotaif ɗinki a jaka, domin sikila tana gidanmu kuma mai ba da allurar barci zai tambaya. Hukuncin abin a addini ki tambayi malamin da kika yarda da shi, ni ba fagena ba ne. In bayan shekara ra'ayinki bai sauya ba, ki nemi ganin likitan ido da ido, ki tambaye shi takardar ƙwarewarsa a tiyatar gyaran jiki, da ko asibitin yana da ɗakin kulawa ta musamman, da wanda zai duba ki in matsala ta taso bayan sallama. Ki turo min amsoshinsa mu duba tare, in hali ya yi in ɗauki hutu in zo in zauna da ke.

Ki gaida Inna, ki ce saƙonta yana hanya.